Shin Ko Kun San? Mudun Masu Gyaran Wuta Ma Yana Son Awo

Shin ko kun san cewa 'yar mitar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da kuke gani a hannun masu haɗa sola da masu gyaran janareta a Birnin Gwari, ita ce mudunsu? Da ita suke yanke hukunci: batirin nan ya mutu, wancan da sauransa, inbata ce ta ƙone, a'a laifin waya ne. Kalma ɗaya daga bakin mai mita tana iya sa magidanci ya fitar da buhunan masara ya kai kasuwa don sayen sabon batir. Mudun hatsi kowa ya sa masa ido, in aka bubbuge gindinsa nan take za a ji hayaniya a kasuwa. Mudun wuta kuwa da wuya ka ji wanda ya tambayi yaushe rabon da a duba gaskiyarsa.

Shin ko kun san rabin bolt kacal ke tsakanin cikakken batir da wanda ya sha rabi? Batirin sola mai ruwa na bolt 12, in ya cika ya huta, wajen 12.7 yake nunawa. In ya sauko 12.2, ya kai rabi. To ku auna abin da mitar da ke ƙarin 0.3 ko ragin 0.3 za ta jawo tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Mita tana tsufa kamar kowane kayan aiki. Zafi, ƙura, danshi da yawan faɗuwa daga kan babur suna sauya halin ƙananan kayan cikinta, sai ta fara ƙari ko ragi sannu a hankali, ba tare da wata alama ba. Maganinta shi ne a kai ta gaban ma'aunin da ya fi ta daidaito, a ba su abu ɗaya su auna, a rubuta bambancin, in da hali a saita ta. Galibin kamfanonin da ke ƙera mitoci wata 12 suke ɗiba tsakanin dubawa da dubawa. Tsohuwar ƙa'idar masu wannan aiki kuwa ita ce, ma'aunin da zai yi alƙalanci ya fi wanda ake tuhuma daidaito aƙalla sau 4. Kuma ko kun san a mitoci masu arha, in batirin cikinsu ya yi sanyi, lambobin sama suke hawa? Kafin a zargi inbata da yawan wuta, a fara canza batirin mita.

Shin ko kun san sau tari mitar lafiyarta ƙalau, wayoyinta ne ke saka ta ƙarya? Ga gwajin da kowa zai iya yi yau. Murɗa mitar zuwa wurin auna turjiya, wato om, ka haɗa bakin tsinken ja da na baƙi. Sifiri ya kamata ka gani, tunda ba ka auna komai ba. Amma 0.2 za ta nuna maka, ko 0.3, wani lokaci har 0.5. Turjiyar wayoyin ce da kansu, haɗe da ta bakin ramukan da aka cusa su. Mita ba ta san inda wayarta ta ƙare ba, balle inda abin awo ya fara. Duk abin da ya shiga tsakanin ramukanta biyu lissafa shi take yi.

Wani zai ce, 0.3 ɗin me? To wayar jan ƙarfe mai lamba 2.5, irin wadda ake ja wa soket, ko da tsawonta ya kai mita 20, turjiyarta wajen om 0.15 ce. Wayoyin gwajin sun ninka abin da ake son aunawa ke nan. Masu sayen zinari a yankin nan sun riga kowa gane wannan matsala: kafin a zuba gari a kan sikeli, sai an ɗora 'yar takardar ko murfin da za a zuba a ciki, an danna sikeli ya koma sifiri. Haka ake yi wa mita. Mai maɓallin da aka rubuta wa REL sai a haɗa tsinkayen a danna shi. Wadda ba ta da shi, a riƙe lambar a ka, a debe ta daga sakamako.

Shin ko kun san tun 1861 aka samo dabarar da ta fi wannan? William Thomson, malami a jami'ar Glasgow, wanda daga baya aka naɗa shi Lord Kelvin, shi ya fito da hanyar auna ƙaramar turjiya ba tare da wayoyi sun ɓata lissafi ba. A yau da sunansa ake kiran awo da waya huɗu. Biyu 'yan dako ne, su ke ɗaukar wuta su ratsa abin da ake aunawa. Biyun shaidu ne, aikinsu kawai su leƙa ƙarfin wutar da ya faɗi tsakanin wuri da wuri. Da yake shaidun kusan ba sa ɗauke da komai, turjiyarsu ba ta shiga lissafi. Sharaɗi ɗaya ne: 'yan dako su kama daga waje, shaidu su zauna daga ciki, daf da jikin abin awo. In aka ɗora shaida a kan kan ɗan dako, an koma gidan jiya.

Ni a ganina nan ne wannan ilimi ya fi amfanar mai sola na ƙauye. Inbatar da ke ba da wat 1000 daga batirin bolt 12 tana jan sama da amfiya 80. In kan batir ya ɗan saki ko ya yi tsatsa har ya sami turjiyar om 0.01, wadda mita mai waya biyu ba za ta taɓa gani ba, bolt 0.8 zai salwanta a wurin, kuma zafin da ya kai wat 64 zai riƙa tashi a kan ƙusa ɗaya. Inbata ta yi ta kuka tana cewa batir ya ƙare, alhali batirin da ransa. Yadda ake kama ɓarawon: a kunna kaya, wuta na gudu, a sa mita a ma'aunin ƙaramin bolt, tsinke ɗaya a kan dalmar batirin kanta, ɗaya a kan kan wayar. Manyan wayoyin inbata sun zama 'yan dako, tsinkayen mita sun zama shaidu. Dabarar Kelvin ke nan ba tare da an sayi komai ba.

Shin ko kun san waya tana iya ƙara wa ma'aunin zafi digiri guda? Akwai irin ma'aunin da ake kira Pt100, wanda turjiyarsa om 100 ce a digiri sifiri, kuma kowane digiri yana ƙara masa om 0.385. Wayar da ta ƙara om 0.4 ta ƙara digiri ɗaya na ƙarya ke nan. Galibin alluran rigakafin yara tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, don haka digiri ɗaya na ƙarya a wurin ajiyarsu ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa irin wannan ma'auni yake zuwa da waya uku ko huɗu, kuma wanda ya yanke ɗaya don yana ganin ta yi yawa ya yi ɓarna.

Shin ko kun san ɗumin yatsanka ma yana haifar da wuta? A 1821 Bajamushe Thomas Seebeck ya gano cewa in ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu, kuma wani gefe ya fi wani zafi, 'yar wuta tana tasowa da kanta. Tsakanin jan ƙarfe mai tsabta da ɗan'uwansa abin bai kai maikrobolt 1 a kowane digiri ba, maikrobolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Amma in jan ƙarfen ya yi baƙin tsatsa, yana iya kai wa maikrobolt 1000 a kowane digiri. Mai gyaran janareta ba ruwansa da wannan, amma a ɗakin daidaita ma'auni babban al'amari ne. Can sai an goge bakin waya ya yi haske, a ɗaure, a cire hannu, a jira 'yan mintoci ɗumin ya baje. Sannan a auna, a juya wutar ta bi ta ɗaya gefen, a sake aunawa, a ɗauki tsaka-tsaki, sai wutar ƙaryar ta kashe kanta.

Ɗakunan nan a kusan digiri 23 ake riƙe su dare da rana, kuma alƙawarin daidaiton da ke cikin littafin mita a kewayen wannan yanayi aka yi shi. Jan ƙarfe na ƙara turjiya kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Wayar da aka auna a ɗaki mai sanyi, in ta sha ranar bazara ta digiri 40, ta ƙara kusan kashi 7 cikin 100. Mitar da aka bari a cikin mota rana ta dake ta, a bar ta ta huce a inuwa kafin a tambaye ta wani abu.

Yanzu mu sauko ƙasa, don a nan Birnin Gwari ke da nata labarin.

Shin ko kun san ƙasar da muke takawa tana ɗaukar wuta? A 1838 Carl August von Steinheil yana gwaji a layin dogo tsakanin Nuremberg da Fürth a Jamus, yana son ya mai da ƙarafan dogo wayar tangaraho. Abin bai yiwu ba, amma a nan ya gane cewa ƙasa da kanta tana iya mayar da wuta inda ta fito. Daga nan layukan tangaraho a faɗin duniya suka koma waya ɗaya a sama, ƙasa ta zama ta biyu. Wayar ƙasa ta gidajenmu, mai launin kore da rawaya, wadda masu wayarin ke kira atin, ita ma hanya ce da aka buɗe wa wutar da ta ɓace, don kada ta bi ta jikin mutum.

Amma ƙasa suna ta tara. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,120, yana zaune ne a kan tsohon dutse. Ga Goron Dutse, ga Tsaunin Rema, ga falale nan da can. Duwatsun da ke ɗauke da zinarin yankin, har masana ƙasa suka sa wa jerinsu sunan Birnin Gwari, ba sa son wuta ta ratsa su. Turjiyar busasshen dutse da marmara takan ninka ta laka mai danshi sau ɗari ko fiye. Sandar atin iri ɗaya, tsawo ɗaya, a kafa ɗaya a fadamar kogin Mariga, ɗaya a kan tudu mai tsakuwa: ta fadama za ta yi aiki, ta tudu tana iya zama ado.

Shin ko kun san sandar atin tana da damina da rani? A watan Agusta ƙasa ta ƙoshi, lamba za ta yi kyau. A watan Maris danshi ya nutse ƙasa da inda sandar ta kai, lamba ta haura. Abin da ke damuna shi ne, hadarin farko mai tsawa yana zuwa ne daidai lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Wanda ya auna da damina ya rubuta ya tafi, bai san halin sandarsa ba. Awon ƙarshen rani shi ne na gaskiya.

Gishiri da gawayi fa, da masu wayarin ke zubawa a ramin atin? Suna aiki, ba camfi ba ne. Gawayi na riƙe danshi, gishiri na sa ruwan ƙasa ya fi ɗaukar wuta. Sai dai damina tana wanke gishirin, kuma kafin ya tafi yana cin ƙarfen, musamman sandunan nan da aka yi wa shafen jan ƙarfe sama-sama. Bayan 'yan shekaru sai a tarar waya na lilo, sanda ta rabu da ita a cikin ƙasa. Yumɓun da ake kira bentonait, wanda masu haƙa rijiyar burtsatse suka sani, ya fi daɗewa, kuma ba ya cin ƙarfe irin na gishiri.

Ko kun san zurfi ya fi kauri? Ninka tsawon sanda yana rage turjiya da wajen kashi 40 cikin 100. Ninka kaurinta kuwa wajen kashi 10 kawai. In dutse ya hana zurfi, a kafa sanduna da dama a haɗa su, amma a bar tazarar da ta kai aƙalla tsawon sanda ɗaya a tsakani. In aka cunkusa su wuri guda, ƙasa ɗaya suke rabawa. Kuma bututun ruwa na roba ba atin ba ne, ko da famfon bakinsa na ƙarfe ne.

Shin ko kun san ba a auna sandar atin da 'yar mita mai waya biyu? Sanda baki ɗaya gare ta, ɗaya bakin duniya ce gaba ɗaya, ina za ka soka tsinken? Akwai na'urarta ta musamman mai turaku biyu. A kashe wuta, a kwance sandar daga wayarin gida. A kafa turke ɗaya nesa, misali tazarar mita 50, shi ne ɗan dako. A kafa na biyu a layi ɗaya, a kashi 62 cikin 100 na tazarar, wato wajen mita 31 daga sandar, shi ne shaida. A karanta. Sai a matsar da shaidan gaba mita 5, a karanta, a dawo da shi baya mita 5 daga wurin farko, a karanta. In lambobin uku sun yi kusa da juna, awo ya yi. In sun watse, ɗan dako ya yi kusa, a ƙara nisa. In ƙasa ta bushe ƙwarai, a zuba ruwa a gindin turakun gwaji. Kada a zuba wa sandar da ake aunawa, don wannan tauye mudu ne, kuma Suratul Muɗaffifina ta ishe mu gargaɗi a kan tauye awo.

Mutanen da ke zuwa neman ruwa kafin a haƙa rijiyar burtsatse, suna jan dogayen wayoyi suna kafa turaku huɗu a fili, kun san abin da suke yi? Shi ne dai: biyu na waje na tura wuta, biyu na ciki na shaida. Conrad Schlumberger ya fara gwada irin wannan a Faransa a 1912, Frank Wenner na hukumar ma'aunai ta Amurka ya fito da tasa hanyar a 1915. Inda lamba ta faɗi, akwai alamar ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa. Wurin da ya yi wa rijiya kyau yakan yi wa atin kyau.

Shin ko kun san gida na iya samun atin amma fis ya ƙi yankewa? Wutar gidajen Najeriya bolt 230 ce. In sandar gida tana da om 100, ita kaɗai ce kuma hanyar komawar wuta, sannan waya mai rai ta taɓa jikin firji, amfiya 2.3 ne kawai zai bi ta ƙasa. Fis mai amfiya 13 ko motsi ba zai yi ba, firji kuwa yana nan da wuta a jikinsa yana jiran hannun yaro. Abin da ke ceto a nan shi ne na'urar yanke wuta mai gane yoyo, wadda ke tsinkewa a mili'amfiya 30. Ita kwatanta wutar da ta shiga take yi da wadda ta fita, in an sami giɓi ta yanke. Ga sandar kariya daga tsawa kuwa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ta wuce om 10. Kowane ƙarfen sabis da kuke gani yana da atin binne a gindinsa saboda wannan. Mutanen Birnin Gwari, da suka ga yadda rayuwa ta kasance lokacin da aka katse layukan sadarwa daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021, ba sai an gaya musu darajar ƙarfen sabis ba. Wanda ya yanke wayar atin ɗinsa don ya sayar wa 'yan gwangwan, ya buɗe wa aradu ƙofa a kan garin gaba ɗaya.

Shin ko kun san atin biyu na iya zama matsala wajen awo? Wurare biyu a ƙasa ba lallai ƙarfin wutarsu ya zo daidai ba. In na'urar da ke ba da ma'auni tana haɗe da ƙasa ta wani soket, mitar da ake dubawa kuma ta wani, sannan baƙar wayar gwaji ta haɗa su, an yi zobe. Wata wuta da ba a gayyata ba za ta riƙa zagaya zoben, ta bi ta cikin baƙar wayar, ta ƙara wa lamba abin da ba nata ba. Dokar ɗakin awo: na'urorin duka su sha wuta daga wuri ɗaya, kuma ƙasan da'irar awo ya taɓa atin a wuri ɗaya tak, inda littafin na'urar ya ce. Haka rigar ƙarfen da ke lulluɓe wayar gwaji, a irin wannan awo gefe ɗaya ake ɗaure ta.

Sai dai a kula da kyau. Ba a warware wannan zobe da karye doguwar ƙafar fulogi. Ƙafar nan ta uku an yi ta da tsawo ne don ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Masu gyaran talabijin da inbata da ke amfani da na'urar nuna zanen wuta a allo su sani cewa ɗan makamin baƙi na tsinkenta haɗe yake da atin ɗin soket. In aka maƙala shi a wuri mai rai, tartsatsi ne. In kuma an karye ƙafar atin don gudun tartsatsin, jikin na'urar gaba ɗaya ya ɗauki wuta.

Ko kun taɓa ganin testa ta kama a ramuka biyu na ƙaramin janareta? Da yawansu ba a haɗa ko ɗaya daga wayoyinsu biyu da ƙasa ba, don haka mita na iya nuna wajen bolt 110 daga kowanne zuwa ƙasa. Kusa da wannan akwai wutar fatalwa: waya a kashe take, amma don tana kwance a bututu ɗaya da mai rai, mita ta nuna bolt 40 ko 80. Dalili, mitar zamani turjiyar bakinta wajen om miliyan 10 ce, ba ta jan komai, ko inuwar wuta ta gani sai ta faɗa. A sa ɗan ƙwan fitila tsakani, fatalwa za ta ɓace, wutar gaske za ta tsaya. Amma kada wannan ya sa a raina kowace lamba. Kafin hannu ya taɓa waya, a gwada mita a wurin da aka tabbatar da wuta, a gwada wayar, a sake komawa wurin farko a tabbatar mitar ba ta mutu a tsakani ba.

Hunturu na da nasa sharrin. Iska ta bushe, rigar leda ko kujerar roba na tara wa jiki dubban bolt, irin wanda ke sa bargo ƙyasƙyas da dare. Ba ya kashe mutum, amma yana kashe ƙananan kayan cikin mita da na waya, yana kuma sa lamba rawa in ana auna babbar turjiya. Shi ya sa ƙwararru ke ɗaura wani madauri a wuyan hannu da ke haɗe da atin. A cikinsa akwai turjiyar om miliyan 1, don ya zubar da wutar jiki a hankali ba tare da ya mai da mai shi sandar atin ba. Kada kowa ya ɗaura tsurar waya a hannu ya ce ya yi irinsa.

Damina kuma akasin haka. Ƙura ta kwanta a kan kwalabar turken wuta ko bakin kebul, danshi ya sauka, sai wuta ta riƙa silalewa ta saman fata. Na'urar gwajin rufin waya, wadda Sydney Evershed ya ƙera irinta ta farko mai wanawa da hannu a Ingila a 1889, aka kuma san ta da sunan Megger, sai ta ce kebul ya lalace alhali datti ne. Manyan irinta suna da rami na uku, mai gadi. Ana naɗa tsurar waya a saman rufin a kai ta ramin nan, sai wutar da ke bin sama ta zagaye ma'auni, a auna ta ciki kaɗai. Wayarin gida da bolt 500 ake gwada shi, kuma bai kamata ya gaza om miliyan 1 ba. In an gama, a bar kebul ya zubar da wutar da ya tara kafin a taɓa shi.

Ko kun san murɗe wayoyin gwaji biyu kamar tufkar igiya yana rage hayaniyar da suke kwasowa daga taransifoma da janareta? Alexander Graham Bell ya yi rajistar wannan dabara a 1881 saboda layukan tarho. Gajeriyar waya a murɗe ta fi doguwa a baje.

Tsarin haɗawa ma doka ne: atin ko baƙar waya ita ce farkon shiga, ita ce ƙarshen fita. Ja na zuwa daga baya, ya riga tafiya. Kuskuren da ya fi ƙona mitoci shi ne a gama auna amfiya, a manta jan tsinke a ramin amfiya 10, a kai shi kan batir ko soket. A wannan rami mita tsurar waya ce. In fis ɗinta ya ƙone, a nemi irinsa, kada a naɗa zaren waya. A kuma duba rubutun CAT a jikin mita da jikin wayoyin: CAT II na soket ne, CAT III na allon rarraba wuta, CAT IV na inda wuta ke shigowa daga turke. Mita mai daraja da waya marar daraja, matsayin wayar ta ɗauka. Ga masu aiki a manyan alluna kuma, ba a taɓa buɗe bakin zoben auna amfiya, wanda ake kira CT, alhali wuta na gudu. Sai an gajarce shi tukuna, in ba haka ba ƙarfin da zai taso a wurin yana iya kisa.

Shin ko kun san ɗaya daga tashoshin gwajin mitoci na ƙasa a Kaduna take? Hukumar NEMSA, da dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin gwada mitocin wuta da sa musu hatimi kafin a maƙala su a gidaje, kuma tana da irin waɗannan tashoshi a Kaduna, da Oshodi a Legas, da Fatakwal. Hukumar SON kuma tana da cibiyar ma'aunai ta ƙasa a Inugu. Silsilar ba ta tsaya nan ba, tana tafiya har ofishin ma'aunai na duniya da ke Sèvres kusa da Faris, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashe 17 suka sa wa hannu ranar 20 ga Mayu 1875. Tun 20 ga Mayu 2019 aka ɗora dukkan ma'aunan duniya a kan tabbatattun lambobin halitta. Asalin om a yau yana komawa ga abin da Klaus von Klitzing ya gano a 1980, turjiyar om 25,812.8 da ba ta canzawa ko a wace ƙasa aka gwada, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1985. Ita ma da 'yan dako daban da shaidu daban ake auna ta.

Hanyar Birnin Gwari zuwa Kaduna ta sha wahalar da kowa ya sani, kuma ba kowane mai gyara ne zai iya ɗaukar mitarsa zuwa ɗakin awo ba. Amma tun da aka sake buɗe kasuwar kara a Nuwamba 2024, harkoki na dawowa, sola da rijiyoyi na ƙaruwa. Ina kira ga masu gyaran wuta na garin su haɗa kuɗi su sayi mita ɗaya mai kyau da na'urar auna atin ɗaya, a riƙa kai su Kaduna duk shekara ana dubawa, sauran mitoci kuma a riƙa kwatanta su da ita ana rubutawa a littafi. Wannan bai kai cikakken daidaitawa ba, amma zai tona mitar da ta kauce.

Ku kuma magidanta da masu kula da masallatai, makarantu da asibitoci, kafin ruwan farko na bana ku sa a auna muku sandar atin. Ku tsaya a wurin ku ga an kafa turakun, ku nemi a faɗa muku lambar om nawa ce, ku rubuta ta da kwanan wata a jikin bango kusa da sandar.